Gasar Waƙa a Talabijin: Wa Ya Janye Tsanin Tasawa da Mayahi?

Duk wanda ya yi wayo a Jamhuriyar Nijar kafin rasuwar Janar Seyni Kunce a watan Nuwamba na 1987, yana tune da yadda watan Afrilu yake zama watan kiɗa da waƙa a ƙasar nan. A garuruwan da Allah ya nufe su da akwatin talabijin na jama'a, da zarar an idar da sallar isha'i sai a shimfiɗa tabarmi a fili, yara a gaba, manya a baya, ana dakon lokacin da za a nuna tawagar jihar Maraɗi. Idan ta fito sai a shiga nuna ƴan wasa da yatsa, ana cewa wancan ai ɗan gidan wane ne, waccan kuma a rijiya ɗaya ake jan ruwa da uwarta. Yau tashoshin talabijin sun yawaita a Yamai, wayar salula kuwa har makiyayi a daji yana da ita, amma duk da haka yarinya mai zaƙin murya a Kanan Bakashe ko Urafan ta fi nesa da allon talabijin na ƙasarta fiye da yadda uwarta take shekara arba'in da suka shige. Abin tambaya a nan shi ne, yaya aka yi haka ta faru, kuma a wuyan wa alhakin yake?

Amsar tana cikin tarihin gasar waƙa da kanta. Wanda ya bi wannan tarihi a tsanake zai ga cewa darajar kowace gasa tana ga inda ake fara ta, domin a can ne ake yanke hukuncin wanda zai shiga da wanda za a bari a waje. Daren ƙarshe, da fitilunsa da manyan baƙinsa, kan tsani ne kawai. Tsani kuwa idan ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, sai wanda ya riga ya hau bene yake amfana da shi.

Gasar mawaƙa a kafafen watsa labarai tsohon abu ne a duniya. A Amurka tun 1934 wani mutum mai suna Manjo Bowes yake gabatar da shirin rediyo inda sababbin mawaƙa ke gwada sa'arsu, masu saurare suna zaɓen gwani ta wayar tarho ko ta wasiƙa. A cikin shirin ne aka ji muryar Frank Sinatra a 1935 tun bai zama kowa ba, a 1948 kuma shirin ya koma talabijin. Italiya ta fara bikin waƙa na Sanremo a 1951, ƙasashen Turai suka haɗu suka kafa gasar Eurovision a 1956. Sai dai Bahaushe bai jira Turawa sun koya masa gasa ba. Tun kafin a san rediyo, a dandalin kowane ƙauye na kwarin Gulbin Kaba ƴan mata suna karawa a waƙar gaɗa, makaɗan gangar noma suna gwada ƙwanji ranar gayya, idan kuma biki ya haɗa masu kalangu biyu, jama'a ce ke raba gardama da yawan karin da take yi wa kowannensu. Abin da zamani ya kawo shi ne na'urar da za ta ɗauki muryar dandali ta kai ta inda ƙafar mai ita ba ta taɓa takawa ba.

Ita wannan na'ura ta iso Nijar daki-daki. An buɗe gidan rediyon ƙasa a 1958, wanda daga baya aka raɗa wa suna Muryar Sahel. A 1964 aka fara gwajin koyar da ƴan makaranta ta talabijin, a 1967 aka kafa hukumar rediyo da talabijin ta ƙasa, wato ORTN, sa'an nan a 1979 Tele Sahel ta fara watsa shirye-shirye ga jama'a baki ɗaya. Da yake ƙauyuka ba su da lantarki, gwamnati ta rarraba akwatunan kallo na jama'a masu aiki da hasken rana. Ba laifi a tuna a nan cewa babban masanin hasken rana na ƙasar nan, Farfesa Abdu Mumuni, wanda ya daɗe yana shugabancin ofishin makamashin rana, kuma jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929. Ke nan tun farkon lamarin an ɗauki talabijin a matsayin abin taron jama'a, abin da gari guda zai zauna ya kalla tare, kuma da wannan tunani aka tsara abin da za a nuna a cikinta.

Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu na 1974, gwamnatin soja ta Kunce ta hana jam'iyyun siyasa, ta nemi wata hanya ta riƙe matasa a hannu. Sai ta farfaɗo da samariya, tsohuwar ƙungiyar samarin gari da aka gada kaka da kakanni, ta mai da ita reshen hukuma, tun daga unguwa har zuwa fadar shugaban ƙasa. Daga 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa, ana yin sa a kewayen ranar tunawa da juyin mulkin, yana zagaya manyan biranen jihohi bakwai na wancan lokaci. Ana karawa a waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Amma kafin wata tawaga ta taka dandalin ƙasa, sai ta bi matakai: ƙauyuka su kara a tsakaninsu, waɗanda suka yi fice su je babban garin gunduma, kamar Tasawa ko Mayahi, daga nan a tafi Maraɗi a fitar da tawagar jiha. Rediyo yana ɗauka, daga baya talabijin ta shigo, waƙoƙin da suka ci kuwa ana maimaita su shekara guda cur, har yaran Difa su haddace abin da aka tsara a ƙasar Maraɗi.

Ko maƙiyin mulkin soja, in dai mai adalci ne, ba zai musa abin da wannan tsari ya haifar ba. Na farko, ya sa hukuma ta je neman mai basira har ƙofar gidansa, domin mai mulkin gunduma, wanda talakawa ke kira kumandan, ya san cewa idan tawagarsa ta sha kaye za a tambaye shi dalili. Na biyu, ya sassauta wani tsohon ƙulli na al'adar Hausa. A da, kiɗa da waƙa sana'ar gado ce ta maroƙa, ɗan malami ko ɗan sarauta ko ɗan babban manomi ba ya kusantarta sai ya shirya jin kunya. Da waƙa ta zama wakiltar gari a gaban ƙasa, sai ga malaman makaranta suna tsara baitoci, ga ƴaƴan gidajen mutunci suna rerawa, iyaye kuma suna alfahari. Na uku, ya sa ƴan ƙasa sun ji harsunan juna: Bahaushen Korgom ya ji waƙar Zabarmawa da ta Barebari da ta Buzaye, su ma suka ji tasa, a lokacin da tafiya daga wannan jiha zuwa waccan take aikin kwana da kwanaki.

To amma fa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Tsanin nan da igiya aka zo da shi. Jigon waƙa daga sama yake saukowa: haɗin kan ƙasa, aikin gayya, wadatar abinci, dashen itatuwa, musamman bayan taron yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a 1984, da noman rani bayan farin wannan shekarar. Waɗannan duk abubuwan kirki ne, sai dai a ƙarƙashin kowannensu akwai yabon masu mulki, kuma babu mawaƙin da zai hau dandali ya ambaci wanda aka tsare ba tare da shari'a ba, ko hatsin agaji da ya ɓace a hanya. Alƙalan gasa hukuma ce ke naɗa su. Samari da ƴan mata suna barin aikin gida makonni ana horar da su, wasu da son ransu, wasu don ba a iya ce wa mai gari a'a. Daɗin daɗawa, waƙar da aka yi shekaru ana sakawa a rediyo da talabijin ba ta kawo wa wanda ya tsara ta ko dala ɗaya ba, sau da yawa ma da sunan tawaga ake sanar da ita, sunansa bai fito ba. Wanda ya ce a manta da wannan ɓangare don daɗin tuna baya, bai yi wa tarihi adalci ba.

A 1987 aka ƙara wani mataki, aka kafa gasar kiɗan zamani ta ƙasa wadda aka sa wa sunan Ɗan Gurmu, shahararren mawaƙin gargajiyar nan na Tawa da ya rasu a 1984. Manufar ita ce a ja hankalin makaɗan zamani, waɗanda suka saba kwaikwayon kiɗan Kongo da na Kuba da na Mali, su koma ga kaɗe-kaɗen gida da harsunan gida. Kwalliya kuwa ta biya kuɗin sabulu. A zamanin wannan gasa ne sunaye irin su Fati Mariko da Musa Pusi da Sani Abusa na Damagaram da Mamudu Abdussalam suka cika ƙasa. John Sofakole ya ci kyautar a 1989, har sunan waƙar da ya ci da ita ya zama sunansa. Ba da jimawa ba aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Yamai mai ɗauke da sunan Alhaji Taya, da taimakon kuɗin Tarayyar Turai, inda Yakuba Mumuni da abokansa suka gogu kafin su kafa ƙungiyar Mamar Kasai a 1995. Jihar Maraɗi ma ta samu rabonta: marigayi Sa'adu Bori, wanda ya ɗauko kaɗe-kaɗen bori ya ɗora su a kan jita, ya fitar da faifai tare da Musa Pusi a 1994 wanda aka sayar har Ingila, waƙoƙinsa kuma suka mamaye Kano da Katsina kafin rasuwarsa a haɗarin mota a 2008.

Sai dai akwai abin da ba a lura da shi ba a lokacin. Kiɗan zamani yana bukatar jita da gangunan Turawa da na'urar ƙara sauti da lantarkin da zai tashe su, waɗannan kuwa sai a babban birnin jiha. Da gasar Ɗan Gurmu ta zama ita ce abin kallo, sai matakin farko na tsani ya tashi daga dandalin ƙauye ya koma Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. Mai gurumi na Isawan, da mai goge na Hawan Dawaki, da tsohuwar da ta san waƙoƙin daka da na niƙa waɗanda ba a rubuta ko ɗaya ba, suka zama rijiyar da makaɗan birni ke ɗiba, ba tare da an kira su dandali ba. Abin mamaki, gasar tana ɗauke da sunan mutumin da in da ya zo da kayan kiɗansa na gargajiya shi kaɗai, da wuya ya cika sharuɗɗan shiga.

Daga nan sai guguwar dimokuraɗiyya ta taso. Bayan harbe ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu na 1990, Janar Ali Saibu ya amince da jam'iyyu barkatai, aka zauna babban taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba na 1991. Samariya ta faɗi tare da tsarin jam'iyya ɗaya da ta yi wa hidima, kuma babu mai hankalin da zai yi kukan igiyar da aka tsinke. Kuskuren da aka yi shi ne, da aka tashi tsinke igiya sai aka haɗa da tsanin aka karya, ba a kuwa sassaƙa wani ba. Ƴan bokon da suka jagoranci canji suna kallon bikin matasa a matsayin kayan farfagandar soja kurum, ba su tsaya sun tambayi abin da yake nufi ga yaron da bai taɓa zama a aji ba, wanda wannan ce kaɗai ƙofar da ƙasa ta taɓa buɗe masa. Ga kuma talaucin baitulmali: ma'aikata suna bin bashin albashi na watanni, masu ba da lamuni na duniya suna matsa a tsuke bakin aljihu, a watan Janairu na 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. A irin wannan hali ma'aikatar al'adu ce ake fara yanka wa kaso. Bikin matasa ya daina zama abin da ake jira duk shekara, gasar Ɗan Gurmu ta shiga faɗi-tashi, a yi bana a tsallake baɗi, gidajen matasa na gundumomi suka koma wurin taron siyasa da bikin aure.

Mawaƙi kuwa ba ya zama da yunwa don jiran gwamnati ta tuna da shi. Jam'iyyu suka buɗe hannu, kowace ta ɗauki nata. Wanda da yake yabon shugaba ɗaya bisa tilas, sai ya koma yabon ɗan takara da zagin abokin hamayyarsa bisa farashi. An sami ƴancin faɗin albarkacin baki, wannan gaskiya ne, gidajen rediyo masu zaman kansu sun buɗe daga 1994, talabijin mai zaman kanta ta biyo baya a 2000. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ke da kuɗi ko dalilin tura mota ta bi rairayin arewacin Mayahi tana neman murya.

Ana cikin haka sai wani sabon salo ya ɓullo daga ƙasashen waje. A 2001 aka fara Pop Idol a Ingila da Star Academy a Faransa, a 2002 Amurka ta ɗauka da American Idol. Salon ya tsallako Afirka: Idols West Africa a 2007, wadda Timi Dakolo na Nijeriya ya ci, da Project Fame a 2008, sa'an nan The Voice Afrique Francophone a 2016 ga ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda wannan kasuwa take tafiya. Kamfani ne ke da mallakar tsarin shirin, tasha tana sayen izinin amfani da shi, masu talla suna biyan kuɗin shiryawa, masu kallo kuma suna zaɓen gwaninsu ta saƙon waya wanda ake cajin kuɗi a kan kowane ɗaya, a raba ribar tsakanin kamfanin waya da masu shirin. Wanda ya fi dangi masu kuɗin aika saƙo ɗari-ɗari shi ya fi kusa da nasara. Tantance ƴan takara a babban birni ake yi, domin a can masu talla ke da abokan ciniki. Sau da yawa kuma abin da ake nema shi ne a ga wanda ya fi iya rera waƙar wani shahararren mawaƙi na waje. Yaron Tasawa da ke son shiga irin wannan gasa sai ya yi tafiyar sama da kilomita 700 zuwa Yamai, ya nemi masauki, ya iya Faransanci, ya kuma ajiye waƙar da ya tashi da ita ya ɗauki ta wani. Ba a hana shi shiga da doka ba, amma an gina ƙofar a inda ba zai kai ba.

Kada a ɗauka mutane kaɗan ake magana a kansu. A ƙidayar jama'a ta 2012, gundumar Mayahi da ta Tasawa kowace ta haura mutum 500,000, idan aka haɗa su biyun sun kai yawan mutanen birnin Yamai na wannan lokaci har da ɗoriya, mafi yawansu kuma yara ne da matasa. Da ƙasarsu ta daina sauraronsu, sai suka juya kunne kudu. Waƙoƙin finafinan Kano, na su Nura M. Inuwa da Umar M. Sharif da Ali Jita, su ne a shagon mai cajin waya da gidan biki, kuma babu laifi a cikin haka, domin harshe ɗaya ne, al'ada ɗaya ce, iyakar ma Turawa ne suka shata ta. Laifin yana ga cewa cinikin ya zama na gefe ɗaya, alhali a zamanin Sa'adu Bori kaset ɗin Maraɗi ne ake rububi a kasuwannin Kano. Basira dai ba ta ƙare ba. Mdou Moctar na jihar Tawa, wanda yau ake sayen tikitin kallonsa a Amurka da Turai, waƙoƙinsa sun fara yawo ne daga waya zuwa waya, har wani Ba'amurke mai tattara kaɗe-kaɗe ya tsince su ya fitar da su a faifai a 2011. Idan sai baƙo ya zo daga bayan teku kafin a gane mai basira a cikin gida, lalle akwai gyara.

Masu cewa tsarin da ke farawa daga ƙauye ba ya yiwuwa sai a ƙarƙashin bulalar soja, sai su dubi kokowa. An fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Tun daga nan gwamnatoci nawa aka yi, na soja da na farar hula, amma takobi yana nan, kowace jiha tana tace ƴan kokowarta tun daga ƙasa ta kawo goma, rediyo da talabijin suna watsawa kai tsaye, kasuwanni suna yin shiru idan an zo karon ƙarshe, ƴan kasuwa da kamfanoni suna rige-rigen ba da kyauta. Dalili shi ne kowane gari yana ganin ɗansa a ciki, kuma kaye a fili yake, ba a iya murɗe shi a ofis. Abin da ya riƙe kokowa shekara hamsin zai iya riƙe waƙa.

Akwai masu hujjoji uku da ya kamata a saurara. Na farko suna cewa ƙasar da ke fama da fari da tsadar hatsi da matsalar tsaro ba ta da rarar kuɗin kiɗa. Amsa ita ce, an kashe maƙudan kuɗi a bukukuwan 18 ga Disamba masu zagaya jihohi, kamar Maraɗi Kwalliya a 2015, aka yi gine-gine a babban birnin jiha, alhali tantance mawaƙa a ƙaramar hukuma bai wuce na'urar ɗaukar murya da lasifika da kuɗin man babur ba. Matashin da ya ga ƙasarsa ta san da zamansa kuwa, ya fi wuyar ruɗuwa ga mai kiransa zuwa daji ko zuwa hamadar Libiya.

Na biyu su ne iyaye da malamai masu tsoron lalacewar tarbiyya. Wannan tsoro ba abin wasa ba ne a jihar Maraɗi, inda tarzomar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta yi ɓarna a watan Nuwamba na 2000. Amma rashin gasa bai hana yara jin waƙa ba, sai dai ya bar su da abin da waya ta kawo, wanda babu uba ko malamin da ya tace shi. Gasar da ake yi da rana tsaka a gaban iyaye da sarakuna, wadda ke da rukunin waƙar noma da ta daka da ta gargaɗi, har da rubutacciyar waƙa irin wadda malaman ƙasar Hausa suka yi ƙarni biyu suna wa'azi da ita, ta fi kusa da tarbiyya fiye da shirun da ake ciki.

Na uku su ne masu fargabar a koma gidan jiya, gasa ta sake zama dandalin yabon mai mulki. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, domin kowace gwamnati, mai kaki ko mai babbar riga, tana son jin sunanta a bakin mawaƙi. Maganinta sai a rubuta shi cikin dokar gasar tun ran gini: kada hukuma ta tsara jigo, kada a karɓi waƙar da ta ambaci sunan mai riƙe da muƙami ko mai neman sa, yabo ne ko zambo, alƙalai kuma su fito daga cikin makaɗa da malaman harshe da tsofaffin ƴan wasa, a bayyana makin kowannensu a gaban jama'a kamar yadda ake ganin kaye a filin kokowa.

Sauran aikin ba mai wuya ba ne. Tun da aka buɗe rediyon karkara na farko a Bankilare a 1999, irinsa sun haura ɗari a faɗin ƙasa, su ne ya kamata su zama matakin farko, kowane ya ɗauki muryoyin yankinsa ya watsa. Daga nan a haɗu a Tasawa da Mayahi da sauran manyan garuruwan gundumomi, talabijin ta ƙasa ta zo da kanta ta ɗauka a can, domin hidimar da ake biyanta da kuɗin talakawa ke nan. A ware rukunin kayan kiɗan gargajiya dabam da na zamani, don kada mai gurumi ya kara da mai jita. Idan za a ba masu saurare damar zaɓe ta waya, lamba ɗaya ƙuri'a ɗaya, kyauta. Ƙananan hukumomi, waɗanda aka rusa zaɓaɓɓun majalisunsu a 2024 aka naɗa masu riƙo, su sa abin cikin kasafinsu ko wane ne ke kan kujera, don kada gasa ta mutu duk ranar da aka sauya gwamnati. Dokar haƙƙin mawallafa da ofishin kula da ita da aka kafa a 1995 su yi aikinsu: a rubuta sunan wanda ya tsara kowace waƙa, a biya shi duk lokacin da aka saka ta. Tun da kuma dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, to nauyi ya ƙaru a kan Hausawa su nuna cewa ɗaukakar harshensu ba ta danne kowa ba: Fulani da Buzayen da ke kiwo a arewacin waɗannan gundumomi su shigo da harsunansu, a saurare su daidai da kowa.

Akwai kuma bashi na baya. Faya-fayen bukukuwan matasa na shekarun 1970 da 1980, waɗanda zafi da ƙura ba su riga sun cinye ba, dukiyar ƙasa ce. A juye su a na'urorin zamani, a mayar wa kowace gunduma kofin abin da ƴaƴanta suka rera, tun waɗanda suka rera ɗin suna raye, suna iya faɗin wanda ya tsara da wanda ya kaɗa. Yawancinsu yau kakanni ne a Maijirgi da Gidan Amumun da Sarkin Hausa, kuma kowace shekara ana rasa wasu.

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Masu ita suna nan a bakin rijiya da gindin turmi da kunyar gero, ba su daina rerawa ba don an daina ɗauka. Mulkin soja na jiya ya je ya same su, amma ya sa musu baki. Mulkin jam'iyyu ya sakar musu baki, amma bai je ba. Har yanzu ƙasar nan ba ta gwada haɗa biyun ba, wato a je a same su, a kuma bar su su faɗi abin da ke ransu. Wanda duk ke riƙe da ma'aikatar al'adu da gidan talabijin na ƙasa, wannan aiki yana jiransa, kuma ba ya bukatar izinin kowa daga waje. Allah ya ba shugabanni kunnen saurare, ya ba talakawa bakin faɗa, amin.